Tsirkiya Huɗu a Garin da Babu Wuta

Bazarar nan da ta wuce ta cika shekara arba'in da bakwai da muka kai Lawali makwancinsa a Dakoro. Na san yawancin masu karanta wannan jarida ba su taɓa jin sunansa ba, kuma babu dalilin da zai sa su ji. Bai yi sarauta ba, bai shiga siyasa ba, ko kantin gishiri bai bari ba. Tsohon sojan Faransa ne wanda ya dawo ya zama ɗan aike a biron kumandan, wato ofishin Baturen da ke mulkin garin, kuma iyakar sanina shi ne mutum na farko da ya shigo garinmu da gitar bas, a zamanin da ko ƙwan lantarki ɗaya babu a gidan baƙar fata. Ɗan goggona ne, wato taubashina, ya ɗan girme ni. Ni kuwa a lokacin sabon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa Mushe yake kirana, yadda ake kiran malami da Faransanci, da wata irin murya da ke mai da sunan girma ya koma tsokana.

Ga wanda bai sani ba, bas ita ce gitar nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ba ta rera waƙa, sai dai ta bi ta ƙarƙashinta tana riƙe da ita. Yau babu bikin da za ka je a Maraɗi ko Dakoro ba ka ji ta tana dukan ƙirjinka ba, ko da ba ka san sunanta ba. A wancan zamani kuwa, da Lawali ya sauko da ita daga motar da ta kawo shi, mutane sun ɗauka bindiga ce aka ba shi ta sallama. Goggo ta hana a shigar da ita ɗakinta har sai da ya buɗe jakar a tsakar gida kowa ya gani.

Bayan yaƙin Indoshin an ajiye su a Marsai, wani birnin Faransa na bakin teku, na ɗan lokaci kafin a sallame su, can ya koyi kiɗan. Wani soja baƙar fata daga tsibiran Faransa ne ke kiɗa a gidan rawa, Lawali ya riƙa ɗaukar masa kaya, yana tsaye a bayansa yana saurare, har wata rana hannun mutumin ya kumbura aka ce wa Lawali ya gwada. Babu wanda ya taɓa nuna masa kiɗa a rubuce a takarda. In ya ji waƙa sau ɗaya ko sau biyu, yatsunsa sun san inda za su. Da lokacin dawowa gida ya zo, sai zaɓi ya tsaya masa tsakanin abu biyu. Akwai babbar bas ta katako, mai tsawon mutum, wadda ba ta bukatar komai sai hannu. Akwai kuma wannan sabuwa, siririya, mai tafiya da wuta da akwatin ƙara murya da suke kira ampili. Ya ce mini ya kwana yana tunanin yadda babbar za ta shiga jirgin ruwa, ta shiga jirgin ƙasa, ta hau motar gyaɗa, ta iso Dakoro ba ta zama itacen girki ba. Sannan mai kantin ya tabbatar masa cewa nan da ɗan lokaci kaɗan Faransa za ta kai wuta kowane gari na ƙasashenta. Lawali ya yarda, ya ɗauki ta wuta.

Har yau ina jin haushin mai kantin nan, mutumin da ban taɓa gani ba, wanda na tabbata bai san ko a wace kusurwa ta duniya Dakoro take ba. Wuta ta zo garinmu daga baya, amma sai da ciyawa ta fito ta bushe a kan kabarin Lawali shekaru da yawa.

Wuta ɗaya ce a garin a lokacin, ita ce ta injin bariki, wanda ke tada na'urar aika saƙo da akwatin sanyi na kumandan. Ko da an ba Lawali izinin amfani da ita ma, ampilin bai iso da rai ba. Cikinsa akwai waɗansu ƙwayaye na gilashi, kuma hanyar Maraɗi zuwa Dakoro ta wancan zamani ba ta bar ƙashin mutum lafiya ba balle gilashi. Ɗaya ya fashe. Lawali ya je wani kantin Turawa a Maraɗi ya nuna musu fasasshen, suka ce za a aiko daga Faransa, ya dawo ya jira. Duk direban da ya shigo gari sai ya tare shi ya tambaya. Damina ta wuce, kaka ta wuce, ƙwai bai zo ba.

Bas ta wuta in babu ampili kusan bebiya ce. Ka tsaya taku uku daga mai kaɗa ta, abin da za ka ji bai wuce ƙarar yatsa a kan waya ba. Saboda haka mutanen unguwa suka yanke hukunci cewa yaƙi ya taɓa Lawali: ga ƙato zaune a gindin bedi, yana girgiza kai, yana buga ƙafa, yana murmushi, ga abu a cinyarsa ba ya cewa komai. Matarsa Cima ba ta shiga wannan magana ba, ita abin da ya dame ta daban ne. Wata rana ta dawo daga rijiya ta tarar da shi ya kwance tsirkiyoyin ya nannaɗe su yana dafawa a tukunyar miyarta, wai gumi da ƙura sun toshe su, tafasa ke maido musu da murya. Ta zo har lakwal ta kawo mini ƙara.

"Mushe, kai da kay yi karatu, hwaɗa mani, a garin Turawa waya aka ci?"

Na ce ban sani ba, ni ma ban je ba. Ta ce to in gaya wa ɗan'uwana ya nemi tukunyarsa.

Shi ya gano cewa in aka jingina kan gitar a jikin katako mai faɗi, katakon na ɗaukar muryar ya ƙara mata. Tebur na katako kuwa a Dakoro, in ka cire na biro, sai nawa na aji. Don haka bayan la'asar, in yara sun watse, sai ya zo ya dafa kan gitar a gefen teburina ya kaɗa. Alli ya riƙa rawa a kan teburin. Shi ya rufe ido yana jin dukan mawaƙan Marsai a kansa, da ganguna da ƙaho, ni kuwa ina jin wani gurnani mai hawa da sauka.

A nan dole in faɗi wani abu game da kaina, don in ba shi ba labarin ba zai fito ba. A makarantar horon malamai an koya mana karatun kiɗa a takarda, layi biyar da ɗige-ɗige, do, re, mi. A rubuce babu wanda ya fi ni a ajinmu. Amma Allah bai ba ni kunne ba. In aka buga murya biyu kusa da juna, ba na iya cewa wannan ta fi wannan tsawo. Baturen da ke koya mana waƙa ya taɓa jawo ni gefe ya roƙe ni, cikin ladabi, in riƙa motsa baki kawai in ana rera waƙar taro. Na gaya wa Lawali wannan labari, ya yi dariya har ya faɗo daga benci, kuma daga ranar duk inda muka haɗu cikin mutane sai ya ce in ɗan motsa musu baki su ji daɗi.

Ni ma ban bar shi ba. Na zana masa layi biyar a allo na ce wannan shi ne kiɗa na gaskiya, abin da yake yi kwaikwayo ne irin na aku. Ya dubi allon ya ce kashin awaki ne a kan shinge. Na ɗauko littafin waƙoƙin lakwal na karanta masa sunayen ɗigon ɗaya bayan ɗaya, ya saurara, ya ce ai wannan hanyar mai waƙa ce, shi ta ƙasa yake bi, ina tasa hanyar a takardar? Na duba, babu. Littafinmu na yara ne, layin waƙa kaɗai ke ciki. Muka yi watanni muna wannan gardama, kuma ban taɓa jin daɗin gardama kamar ta ba, domin kowannenmu ya tabbata ɗan'uwansa ne abin tausayi.

Ban lura da ranar da abin ya fara canzawa ba. Na dai ga ya daina jingina gitar a tebur, ya koma ɗora haɓarsa a kan kafaɗarta yana kaɗawa a sunkuye. Daga baya na ga yana cizon katakon da haƙora. Na ɗauka wani sabon salo ne na Marsai, har na yi masa ba'a. Sai wata rana na shigo aji ta bayansa na yi sallama, na sake yi, na kira sunansa da ƙarfi, bai juyo ba sai da inuwata ta faɗa kan tebur.

Ya ajiye gitar ya ce in rufe ƙofa. Ya ce tun a Indoshin, inda ya yi aiki kusa da manyan bindigogi, kunnen hagu ya tafi, na dama ne ke riƙe da shi. Yanzu na daman ma ya kama hanya. Kullum in ya tashi da safe akwai abin da ya ragu. Ya daina jin kukan kaji, ya daina jin muryar 'yarsa in tana ɗaki. Likitan bariki bai sani ba kuma ba zai sani ba, domin ɗan aiken da ba ya jin ƙararrawa ba ɗan aike ba ne. A biro ya matsar da bencinsa inda yake hango hannun kumandan ta ƙofa, in hannu ya nufi ƙararrawa sai ya miƙe. Cima kaɗai ta sani, yanzu sai ni.

"Abu guda nika so, Mushe," in ji shi. "In ji ta da muryarta, ko sau guda, nan garinmu, tun ba a ruhe mani ƙohwa ba. In kau ƙwan nan ya makara, to ka koya mani kashin awakin naka. Kurma ai yana da ido."

Na yi shekaru ina koyarwa bayan wannan, ban sake samun ɗalibi kamarsa ba, kuma ban sake koyar da kowa da baƙin ciki irin wannan ba. Mutumin da ke jin waƙa sau ɗaya ya kama ta, ga shi zaune a bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, yana ƙirga layi da yatsa. Muka bi wuyan gitar gaɓa gaɓa, yana kaɗa abin da ya sani, muna lalube har muka sa wa kowane wuri suna. Na samo wani littafi daga Maraɗi mai layin ƙasa, na zauna na koya wa kaina yadda ake karanta shi, na koya masa. Ya iya. Kafin bazara ta ƙare yana duban takarda yatsunsa na tafiya daidai. Na yi murna, na ce masa ka ga ni, takarda ta yi rana. Bai yi gardama ba, kuma rashin gardamar nan ya fi komai tsorata ni.

Shi ya riga ni ganin inda takardar ta tsaya. Takarda na gaya maka inda za ka ɗora yatsa, amma ta ɗauka cewa tsirkiyarka a saite take. Tsirkiya kuwa zafi na sa ta saki, laima na sa ta canza, kullum sai an murɗa makullan da ke kan gitar an daidaita huɗun da juna. Wannan aikin kunne ne. Da can yana yin sa cikin ƙiftawar ido yana hira. Da kunne ya yi nisa, haƙora suka taimake shi na ɗan lokaci, sannan su ma suka daina kai masa saƙo. Ya ce yatsa na jin tsirkiya na rawa, amma bai san wace rawa take yi ba.

Ƙwan ya iso da farkon damina, cikin ɗan akwati cike da auduga, bayan fiye da shekara ana jira. Lawali ya karɓa ya juya shi a hannu, bai yi murmushi ba. A lokacin sai ka tsaya gabansa ya ga bakinka kafin ya san me ka ce. Duk da haka ya je ya roƙi kumandan, kumandan ya ce a bari sai ranar bikinsu na tsakiyar damina, da rana bayan tseren jakuna, za a jawo waya daga inji zuwa filin bariki ya yi wa jama'a.

Na ba shi shawara ɗaya wadda har yau nake ganin ita ce daidai. Akwai wani tsoho mai gurmi a bakin kasuwa, kunnensa kamar na zomo. Na ce mu kira shi ya saurara mana mu saita tsirkiyoyin. Lawali ya ce bakin maroƙi ba shi da murfi, kafin azahar kasuwa ta san ɗan aiken kumandan kurma ne, kafin la'asar an sa shi a waƙa, kafin wata ya ƙare wani ke zaune a bencinsa. Yana da mata da 'ya da tsohuwa. Ban iya ce masa ƙarya yake ba. Ya ce aikin ba wuya, ko yaro zai iya: zai danne tsirkiya mai kauri a gaɓa ta biyar, ya kaɗa ta, ya kaɗa ta kusa da ita a sake. In murya biyun ɗaya ce, shi ke nan. Abin da zan gaya masa kawai, ɗaya ce ko ba ɗaya ba.

Ranar bikin aka ba mu ɗan lokaci a ɗakin ajiya na bayan biro. Aka tada inji. Ƙwayayen suka yi ja a hankali, akwatin ya fara huci. Lawali ya taɓa tsirkiya mai kauri, sai na ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashina, kwanon rufi ya amsa. Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Na dube shi da murna, na ga idonsa na kan bakina, yana jira in gaya masa ko ta yi magana. Na gyaɗa kai. Ya cire takalmi ya taka ƙasa da tafin ƙafa, ya ɗora hannu a kan akwatin, ya daɗe a haka.

Sannan ya danne gaɓa ta biyar ya kaɗa, ya kaɗa ta biyu, ya ɗago kai.

"Ɗaya ce?"

Na saurara da duk abin da Allah ya ba ni. Na rufe ido, na matso da kai har jikin akwatin. Gurnani biyu na ji, kowanne mai nauyi, ga kuma ƙarar inji ta taga. Na ce ya sake. Ya sake. Ya ɗan murɗa makulli, ya kaɗa, ya tambaye ni ko ta matso ko ta yi nisa. Na san sunan kowace tsirkiya, mi, la, re, sol, na san tazarar da ke tsakaninsu, zan iya rubuta masa ita a allo da hannun hagu. Amma ko ɗaya ce ko ba ɗaya ba, ban sani ba. Na gaya masa haka, a hankali, don ya karanta bakina. Na ji kamar in fita da gudu in kamo duk wanda na fara gani a hanya. Shi ne ma ya dafa kafaɗata ya ce in bari, ba ni na yi kunnena ba. Ya murɗa makullan yadda hannunsa ke tuna nauyinsu, muka fita.

Filin ya cika, har da makiyaya da suka shigo daga wajen Birnin Lalle da Korahane. Lawali ya zauna a kan akwatin da kansa, ƙafa ba takalmi, ya ajiye takardar a ƙasa ya danne ta da dutse, amma bai dube ta ba ko sau ɗaya. Da ya fara, abin da ya faru ban manta ba. Mutane ba su dube shi ba, gabas suka juya gaba ɗaya. An kwana biyu ba a yi ruwa ba, gero ya fara lanƙwasa, kowa ya ɗauka cida ce ke tasowa. Wata tsohuwa har ta fara kiran jikokinta su je su kwashe shanya. Sai da suka ga sama fes, sannan suka gane daga ƙarƙashin ɗan goggona abin ke fitowa. Sai aka matso. Yara suka riƙa dafa ƙirjinsu suna dariya. Cima na tsaye cikin mata ta rufe baki da gefen zane, idonta bai bar shi ba.

A rumfar Turawa akwai waɗanda suka san amsar da nake nema. Na zuba wa kumandan ido, na ga yana kaɗa ƙafa, sannan ya sunkuya ya gaya wa matarsa wani abu, ta sa hankici a baki. Ko dariya take ɓoyewa ko abin ya taɓa ta, ban sani ba. Da aka gama ya tafa kamar yadda ya tafa wa jakin da ya zo na ɗaya. Malamin lakwal baƙar fata ba ya zuwa ya tambayi kumandan me ya gaya wa matarsa, kuma ko da zan iya, tambayar kanta za ta tona abin da muke rufewa.

Muna naɗe waya Lawali ya jawo ni bayan ɗakin ajiya, ya juyo da fuskata wajen haske.

"Mushe, kak ka yi mani ƙarya. Ta yi daidai?"

Na ce mutane sun ji daɗi. Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba, mutanen nan ba su taɓa jin ta ba, ko jaki ya hau ta za su tafa. Na ce ban sani ba. Ya daɗe yana duban bakina kamar akwai sauran magana, sannan ya gyaɗa kai ya ɗauki akwatinsa. Ya rataye gitar a bangon ɗakinsa, bai sake sauko da ita ba. Da bazara ta zagayo sanƙarau ya shigo gari ya ɗauki mutane da yawa, har da shi. Bayan 'yan watanni Turawa suka sauke tutarsu.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Wuta ta zo, ko da tana zuwa tana tafiya. Samarin da ke kiɗan biki yanzu da kunne suke koya kamar shi, daga kaset, suna mayarwa baya suna sake ji har su kama, kuma cikinsu da wuya ka sami mai karanta layi biyar. A wannan gardama tamu dai shi ya ci, kuma na san da yana nan ba zai bar ni in sha ruwa ba. Zai yi tsaki in ya ga waɗanda suka ajiye bas suka koma danna maɓalli ɗaya a piyano yana yi musu aikinta. Zai yi mamakin yadda ake sayar da tsirkiya a kasuwar Maraɗi, ba mai dafa ta a tukunya.

Amma abin da ya hana ni barci na ga shi ne bara, a bikin jikata. Mai bas ɗin ƙungiyar da aka ɗauko, wani magidanci mai natsuwa, kafin su fara ya ciro wani ɗan akwati da bai kai tafin hannu ba, ya haɗa shi da gitar. Ya kaɗa tsirkiya, wata allura ta karkata, ya murɗa makulli, allurar ta tsaya a tsakiya, 'yar fitila ta yi kore. Ana ta hayaniya, bai ko saurara ba, da ido ya yi aikin duka. Na tambaye shi ko kurma zai iya amfani da wannan abu. Ya ce sosai ma, Baba, ai ba ya bukatar kunne. Na koma kujerata na zauna, aka kawo abinci ban iya ci ba. Na san da Lawali ya ga abin nan zai ce na ragwaye ne, ya yi masa ba'a a gaban jama'a, sannan in kowa ya watse ya zo ya ce a ara masa.

Gitar tana wurina. Cima ta ba ni ita da za ta koma gidansu, kuma tun daga ranar ban bar kowa ya taɓa makullanta ba. Na yi ƙaura da ita gari gari inda aiki ya kai ni, a naɗe cikin bargo, kan nan a ƙulle cikin tsumma don kada wani abu ya goge shi. Washegarin bikin na aika aka kira mini mai bas ɗin, na buɗe masa ita. Ya shafa wuyanta. Na ce ya sa mata ɗan akwatinsa ya gaya mini ko a saite take, domin yadda mai ita ya bar ta haka take. Ya haɗa, ya kaɗa huɗun ɗaya bayan ɗaya, allura ta faɗi gefe kowane karo. Sannan ya dube ni da tausayi ya ce, "Baba, wagga ba ta nuna komi. Tsirkiya ko kwana guda tay yi a rataye sai ta saki, balle shekaru. Yadda ya bar ta, ta tahi tun tuni."

Na san haka. Ni da na zauna kusa da Lawali ina kallon yana murɗa makullan nan kullum, na fi kowa sani. Amma mutum na iya sanin abu ya ƙi gaya wa kansa har tsawon rayuwa, in dai abin ne kaɗai ya rage masa.

To me ya saura na Lawali? Ba a ɗauki kiɗansa a faifai ba, ba a yi masa hoto da gitar ba. 'Yarsa tana Bader Goula da jikoki, ba ta tuna muryarsa. Akwai tsofaffi biyu ko uku a Dakoro da in ka tambaye su za su ce maka an taɓa yin cida ba hadari a filin bariki, wani soja ne ya yi ta. Sai ni, da na san sunan kowace tsirkiya. Ya yi kiɗa sau ɗaya a garinsu da cikakkiyar murya, shi bai ji ba, wanda ya amince wa ya ji masa kuma bai iya ba. Ina yi masa addu'a kowace asuba, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Tambayar da ya yi mini a bayan ɗakin ajiya kuwa tana nan yadda ya bar ta, kuma duk waɗanda za su iya amsa ta sun riga ni tafiya.